Tseren Akori-kura: Daga Wayar Ɗanki Zuwa Gadon Asibiti

Yau maganar mota na zo da ita. Na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada, tunda yawancinmu ko sitiyari ba mu taɓa riƙewa ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe, uwargida, domin wanda ke riƙe da sitiyarin ɗanki ne, ko ƙaninki, ko mijin 'yarki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na shekara tara ina aiki a kudancin Jigawa, mafi yawa a ɗakin agajin gaggawa. Autanmu shekararsa 23, yana jan akori-kurar kawunmu, yana kwaso buhunan riɗi da gero da zoɓo daga ƙauyukan Gwaram zuwa kasuwar Sara da Birnin Kudu. Yaro ne mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla, kuma duk abin da ya samu sai ya fara ajiye wa Inna nata.

Wata rana da kakar bara ya miƙo min wayarsa in tura wasu hotuna, sai idona ya faɗa kan wasu lambobi da ya jera: 22.4, 21.8, 21.1, 20.6. Na ɗauka lissafin buhuna ne.

"Auta, wannan fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Daƙiƙoƙi ne, Yaya. Daga kukar nan ta bakin hanya zuwa kwalbati. Mun auna, mita ɗari huɗu ne. So nake in sauko da ita ƙasa da ashirin."

"Da motar Kawu?"

"Ai ba lodi nake yi ba. Kuma da yamma ne, hanya fayau."

Ya buɗe min bidiyo a YouTube da TikTok. Akori-kura biyu a Amurka sun jera kafaɗa da kafaɗa, tayoyi na hayaƙi, fitila ta kawo kore, suka fizga kamar an harba kibiya. A ƙarshe allo ya nuna daƙiƙa goma sha biyu da 'yan kai. Idon yaron nan har ƙyalli yake. Na yi masa faɗa irin na yayye, ya ce to, na kuma san "to" ɗin ba ta wuce leɓensa ba. Shi ya sa na zauna na bi diddigin wannan wasa, don in samu abin faɗa masa wanda ya fi "ka bari".

Daga ina wannan tsere ya samo asali?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa sayen tsofaffin motoci suna ƙara musu ƙarfi suna tsere a kan titunan gari. Ana ta haɗari, 'yan sanda na kamu, mutanen gari na kuka da su. A 1951 wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, kuma babban burinsa shi ne a ɗauke tseren daga titin jama'a a mayar da shi keɓantaccen fili mai dokoki.

Ki lura da wannan, uwargida. Mutanen da suka ƙirƙiro wasan su ne suka fara cewa kada a yi shi a kan hanya, tun fiye da shekara saba'in da suka wuce.

Tsawon filin rubu'in mil ne, wato mita 402. Mota biyu ke tashi daga tsaye, na'ura na auna lokacin kowacce. Daga baya kamfanoni suka fara ƙera akori-kura ta musamman don masu son gudu. A 2004 kamfanin Dodge ya fito da Ram SRT-10, mai injin silinda goma da ƙarfin doki 500, wadda ta kafa tarihin gudun kusan kilomita 249 a sa'a. Wata da ta biyo bayanta, Ram TRX, ta fito da ƙarfin doki 702, kuma masu ita sun ce tana cinye mita 402 ɗin nan a daƙiƙa 12.9. Irin waɗannan ne 'ya'yanmu ke kallo, sannan su juya su dubi tsohuwar akori-kurar da ta shekara ashirin tana dakon hatsi, su ce bari su gwada.

Yadda suke rage daƙiƙoƙi a can, da abin da hakan ke haifarwa a nan

Abubuwa huɗu masu tseren ke taɓawa, kuma duk huɗun samarinmu sun ji labarinsu.

Na farko taya. Akori-kura tayoyin baya ne ke tura ta, kuma idan babu kaya bayanta ba shi da nauyi, don haka da an taka totur da ƙarfi sai tayoyin su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Masu tsere kan sa tayoyi na musamman masu laushi, su rage musu iska don su kama ƙasa. Wannan na tafiyar daƙiƙa goma sha ce kawai. Taya mai ƙarancin iska idan ta yi doguwar tafiya a kan kwaltarmu da zafin rana, zafi take tarawa har ta fashe. Ga shi yawancin tayoyin da muke saye na gwanjo ne da suka gama aiki a wata ƙasa.

Na biyu nauyi. Suna sauke duk abin da ba dole ba: safaya, jak, kujerun baya, har ƙofar bodi. A nan idan yaro ya kwaikwayi haka, ya ƙara wa bayan motar rashin nauyi ke nan, kuma da ya sha kwana da gudu ko ya taka yashi sai bayan ya zame ya juyo gaba. Akori-kura doguwa ce, ta fi ƙaramar mota tsayi daga ƙasa, saboda haka ta fi saurin wuntsilawa.

Na uku tashi. A wajensu taku sittin na farko, kimanin mita 18, su ke yanke hukuncin tseren. Sai direba ya tayar da inji sosai sannan ya saki kuloci gaba ɗaya. Tsohuwar mota ba ta jure wannan. Kuloci zai ƙone, giya ta lalace, wata rana wani ƙarfe ya karye ana cikin tafiya da mutane.

Na huɗu inji. A can ƙwararru ne ke gyara kwamfutar motar da na'urar cusa iska, kuma duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi sai ya ƙara wa birki. A nan abin da ake yi shi ne a fasa salansa don ta yi ruri, a roƙi bakanike ya ƙara buɗe hanyar mai, ko a cire na'urar taƙaita gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanyawa a 2017. Ƙara ta ƙaru, shan mai ya ƙaru, birki kuwa yana nan yadda yake, wataƙila ma takalminsa ya cinye.

Abin da bidiyon ba ya nunawa

Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna abin da ya gabaci tseren. Kafin mota ta shiga filin sai jami'ai sun duba tayoyinta da birkinta da bel ɗin kujera. A dokar NHRA, duk wanda motarsa ke cinye filin a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka dole ya sa hular kwano, a cikin mota fa. Wadda ta fi haka gudu sosai sai an ɗaura mata kejin ƙarfe a ciki. Akwai katanga dama da hagu. Akwai motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye. Bayan layin ƙarshe akwai doguwar hanya ta rage gudu, a ƙarshenta kuma ramin yashi da raga don tare motar da birkinta ya ƙi. Babu mai tafiya a ƙasa, babu babur, babu akuya.

Duk da haka mutuwa na shiga. A watan Yuni na 2008 wani gwanin tsere mai suna Scott Kalitta ya rasu a filin tsere na jihar New Jersey, lokacin da injinsa ya kama da wuta, motar ta wuce ƙarshen fili. Bayan rasuwarsa aka rage tsawon tseren motoci mafi gudu zuwa taku 1,000, kimanin mita 305, don su samu ƙarin wurin tsayawa.

To ki kwatanta da namu filin. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, tireloli da tankokin mai ne ke binta dare da rana. Hanyoyin ƙauyukan Gwaram kuwa, amalanken shanu, garken Fulani, 'yan makarantar allo, mata masu dawowa daga gona, duk nan suke bi. Da kaka ana shanya hatsi a gefen kwalta. Da damina ruwa na cin hanya cikin dare ɗaya. Mutanen yankinmu ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da wata motar fasinja ta faɗa gadar da ambaliya ta karya a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Hanyar da ka bi jiya lafiya ba lallai ka same ta haka yau ba, kuma babu jami'in da ke zagayawa ya duba ta kafin yaro ya taka totur.

Ɗan lissafin da kowace uwa ya kamata ta riƙe

Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin mita 17 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 120 tana cin mita 33. Daga lokacin da direba ya hango abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi na iya wucewa. Bayan nan sai tazarar da birki zai ja kafin mota ta tsaya, kuma ita wannan tazarar idan gudu ya ninka biyu, ita ninkawa huɗu take yi.

A busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, mai gudun 60 zai tsaya a cikin kimanin mita 45. Mai gudun 120 yana buƙatar kimanin mita 130, fiye da tsawon filin ƙwallo. Idan yaro ya ɓullo daga bayan amalanke a tazarar mita 50, na farko zai tsaya su yi kallon juna. Na biyu ko birki bai gama takawa ba.

Karo a kan gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, kamar saman bene mai hawa uku. A gudun 100 kuwa tsayin ya kusa mita arba'in. Wanda ke zaune a bodin akori-kura babu bel, babu rufi, babu abin da zai riƙe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta kuma ce duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari na gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi huɗu. Dokar hanya ta ƙasarmu ta tsayar da kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan hanyar da ba tagwaye ba, 100 ga ƙananan motoci a tagwayen hanya.

Abin bai tsaya kan 'ya'yan talakawa ba. A watan Disamba na 2017 ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci ya yi haɗari da babban babur a Abuja, ya samu rauni a ka da karaya, sai da aka fita da shi waje. Shi yana da wanda zai ɗauke shi a jirgi. Namu fa?

Daren da ba zan manta ba

Kimanin wata biyu bayan na ga lambobin nan, ina aikin dare, wajen ƙarfe takwas da rabi aka shigo da wani yaro ɗan shekara goma sha biyar a kan tabarma. Mutum huɗu ne suka ɗauko shi. Na ukunsu autanmu ne, rigarsa duk jini.

Abokinsa ne ya ƙalubalance shi a wurin kukar nan bayan magariba. Yaron motar abokin ya ɗare bodi yana ɗaukar bidiyo. Sun kusa kwalbati sai tumaki suka ratso, abokin ya kauce, bayan motar ya zame, ta daki gefen hanya. Motar ba ta faɗi ba, direban ko ƙwarzane bai yi ba. Yaron da ke baya ne aka tsinto a gona.

Lokacin da suka iso yana magana, har yana cewa a mayar da shi gida, ƙafarsa ce kawai ke ciwo. Amma tafin hannunsa ya yi fari, jikinsa ya yi sanyi da gumi, bugun zuciyarsa na sauri, yana ta roƙon ruwa, yana kuma cewa kafaɗarsa ta hagu na damunsa alhali ba ta bugu ba. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin gaggawa ta san ma'anar wannan. Saifarsa ce ta fashe, jini na zuba a cikin cikinsa.

Aka kira likita, aka shirya ɗakin tiyata, aka ce a nemo jini. Autanmu ya miƙa hannu, jininsu ya zo ɗaya. Ina tsaye a kansa ana ɗiba, bai iya kallona ba.

Mahaifiyar yaron ta iso a bayan babur da mayafi a karkace. Ba ta yi ihu ba. Hannuna ta riƙe ta ce, "Malama, da safe na ba shi koko ya tafi neman na sabulu. Me ya kai shi gudu?" Ban samu amsar ba ta ba.

Allah Ya yi da sauran kwanansa. An cire saifar, an gyara karayar cinya, ya yi makonni a kwance. Iyayensa sun sayar da hatsin da suka noma da akuyoyi biyu. Yanzu yana tafiya da ɗingishi, kuma duk zazzaɓin da ya kama shi dole a garzaya da shi asibiti, domin wanda ba shi da saifa cizon sauro da wasu cututtuka sun fi yi masa illa har ƙarshen rayuwarsa.

Idan haɗari ya faru a gabanki

Wannan ɓangaren ki karanta wa 'ya'yanki da maigida. Abin da aka yi a mintunan farko shi ke raba mai rai da gawa, ko mai tafiya da gurgu.

A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. A sa wani ya tsaya nesa yana tsayar da motoci don kada a samu haɗari na biyu.

Kada a fizgo wanda ya ji rauni ta hannu da ƙafa, sai idan akwai wuta ko wani haɗarin da ya fi. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, jan da aka yi masa ne zai tsinke laka ya shanye. In dole a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, sauran su ɗaga jikin gaba ɗaya a kan allo ko ƙyaure.

Kada a ba shi ruwa ko abinci ko da yana roƙo, kuma kada a sheƙa masa ruwa don ya farfaɗo. Zai iya shaƙewa, kuma idan tiyata ta kama, cikin da babu komai ya fi aminci.

Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa. Idan ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ban da ƙasa, toka, bakin mai ko garin magani a kan rauni.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a gefensa tare da riƙe wuyansa, don kada amai ya toshe masa numfashi.

Wanda ya bugu a ka, ko ya tashi yana magana, a kai shi asibiti. Jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum ya yi sa'o'i garau sannan ya faɗi. Alamomin haɗari su ne amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, da fitar jini ko ruwa ta kunne ko hanci.

Asibiti kafin mai ɗori. Mai ɗori ba ya ganin jinin da ke zuba a ciki, kuma karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar wanki, allurar tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na sha ganin ƙafar da ɗauri mai tsanani ya kashe har ta kai ga yankewa. Ku kuma sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili.

Me uwa za ta iya yi tun kafin a kai nan?

Ke ce ke fara ganin sauyi. Idan ƙarar motar ko babur ɗin ta sauya ta koma ruri, an taɓa salansa. Idan tayoyin baya na cinyewa da wuri, mai na ƙarewa ba tare da doguwar tafiya ba, ana yawan zuwa gareji kan kuloci, ko yaro na ɓacewa da mota tsakanin la'asar da isha ba lodi ba aike, ki tambaya.

Ki tambaya cikin natsuwa. Ni da faɗa na fara, ban samu komai ba sai "to". Ki ce ya nuna miki bidiyon da yake kallo, sannan ki tambaye shi ina katangarsa, ina motar asibitinsa, wa zai biya idan ya taka ɗan wani. Saurayi ba ya yarda zai mutu, amma yana jin nauyin a ce shi ya nakasa ɗan maƙwabta.

Ki sanar da mai makulli. Da yawanmu mukan rufa wa yaro asiri don kada mahaifinsa ya yi fushi. Ni ma na yi wannan kuskuren, ban gaya wa Kawu ba tun ranar da na ga lambobin, kuma har yau abin na cina. Fushin uba na kwana biyu ne.

Kada a ba yaron da bai kai shekara 18 ba mota, doka ma ba ta ba shi lasisi. Wanda ya kai, a tura shi makarantar koyon tuƙi. Ki sa ya saba da ɗaura bel, wanda ke rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, da hular kwano idan babur yake hawa.

Ki ce maigida ya duba tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2318, mako na 23 ne na 2018, ta tsufa ko da zanenta bai goge ba.

Ki sa ido kan ƙwaya. Wasu direbobi na shan tramadol don su jure aiki, ita kuma tana rage hankali, tana iya kawo jijjiga ana cikin tuƙi.

Sai maganar biki. Rana ta kai amarya ce samari suka fi yin wasan mota, a cika bodi da yara da 'yan mata, a yi ta tsere da juyi a cikin gari. Rundunar 'yan sandan Kano kan fitar da sanarwar hana tseren mota da kilisa lokacin bukukuwan salla, amma 'yan sanda ba sa zuwa kowane biki. Uwar ango da uwar amarya suna nan a kowanne. Yadda muke tsayawa kan maganar lefe da kayan ɗaki, mu tsaya kan wannan: ba wasan mota, ba yaro a bodi, kuma dattijo ne zai ja motar gaba. Kada kuma ki bar ƙananan 'ya'yanki su hau bayan akori-kura don rakiyar amarya, ko ta wa ce.

A ƙarshe, son mota ba laifi ba ne. Yaron da ya iya auna mita 400 da kansa, ya fahimci aikin kuloci da giya, yana da kan injiniya. A kai shi wurin bakanike na ƙwarai, ko a ƙarfafa masa gwiwar neman gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse ko ta Hussaini Adamu da ke Kazaure.

Inda muka tsaya

Washegarin haɗarin na je na gaya wa Kawu komai, har da lambobin da na gani na yi shiru. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ke ma da laifinki, 'yata." Ya karɓe makulli na wata biyu. Inna kuwa ba ta ɗaga murya ba, cewa ta yi autan ya riƙa kai abinci asibiti kullum har a sallami yaron, kuma ya kai.

Ba zan ce muku ya daina kallon bidiyon ba, yana kallo. Amma an mayar da salansa, an sauya tayoyin baya, kuma ranakun da ba kasuwa yana gareji yana koyon gyaran inji. Kwanakin baya ya ɗauko ni daga wurin aiki, muka zo daidai kukar nan, na ga ya sassauta ƙafa. Wata yarinya ce ke tsallakawa da tallan gyaɗa a ka. Ya tsaya har ta haye, sannan ya sa giya muka wuce.

Iyaye mata, ko a garinku ana wannan wasa? Wace dabara kuka bi da naku samarin ta yi aiki? Ku faɗa mana, wataƙila wata uwar ta amfana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su a hanyoyinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.